Ina Kuɗin Asibitin Mazaɓarmu?

Tambaya: Anti, daren Talata na kai ƙanwata haihuwa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu. Da fitilar waya aka karɓi haihuwar, safar hannu da auduga ma mu muka saya. Wa za mu tuhuma? Daga wata mai karatu, Katsina.

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah ya raya. Fitilar wayar nan ni ma na taɓa riƙe ta.

Kuɗi dai akwai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso yana shiga asusun asibitocin da aka zaɓa kai tsaye. Fara da shugaban asibitin: ku tambaye shi ko suna ciki, nawa ya shigo, me aka saya. Ku haɗa da kwamitin ci gaban mazaɓa, don aikinsu ne sa ido.

In aka yi ta kwana-kwana, ku rubuta wa hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Kada ki je ke kaɗai, ku je mata biyar, a buga muku hatimi a kwafinku.