Amsoshin Tambayoyinku: Tatsuniya, Karin Magana da Ƙagaggun Labarai

Tambaya: Malam, mece ce ma'anar "ƙurunƙus"?

Amsa: Marufin tatsuniya ce, wato ta ƙare ke nan. "Kan kusu" da ake ƙarawa kuwa, kusu ɓera ne.

Tambaya: Wani abokina ya ce Ruwan Bagaja tatsuniya ce kawai, bai kai a kira shi ƙagaggen labari ba. Haka ne?

Amsa: Wannan "kawai" ɗin ce ta dame ni. Yaushe tatsuniya ta zama abin rainawa? Da Rupert East ya shirya gasar rubutu ta Hukumar Fassara a Zariya a 1933, me Abubakar Imam da Bello Kagara suka tarar a gabansu in ba labaran da suka tashi suna ji ba, da na littattafan Larabci? Sunan ma daga tatsuniya ya fito, ta yarinyar da aka tura ruwan Bagaja. Imam ya ɗauki sunan ya gina tafiyar Alhaji Imam a kai. Ku dubi yadda shi da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙulli da ramuwa: wayon Gizo ne a jikin mutane.

Ba mu kaɗai ba ne. Fagunwa ya yi haka da labaran mafarautan Yarbawa a 1938, Achebe kuma a 1958 ya cika bakin dattawan Ibo da karin magana ko da yake da Turanci ya rubuta.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne marubutanmu na yanzu masu cusa karin magana uku a sakin layi ɗaya don a ce sun iya Hausa. Tsohuwa ba ta magana haka. Za ta dubi jikarta mai taurin kai ta ce, "Abin da babba ya hango..." ta yi shiru, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Yarinyar ce za ta ƙarasa a zuci. Marubucin da ya ƙarasa mata har rimin, bai saurari kakarsa da kyau ba.

Tambaya: "Jiki magayi" sunan littafi ne ko karin magana?

Amsa: Karin maganar ta girmi littafin John Tafida da East. Wanda ya ƙi jin bari, jikinsa ne zai gaya masa.