Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Da Gaske Soyayya Ce Ta Haifi Kamfanin Cisco?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce ina karatun CCNA, wato kwas ɗin haɗa netwok na kamfanin Cisco, kullum Cisco Cisco muke ji, sai wani ɗan ajinmu yake cewa wai miji da mata ne suka ƙirƙiro rauta, na'urar da ke haɗa netwok da netwok, don kawai su riƙa tura wa juna saƙo daga ofis zuwa ofis, daga nan kamfanin ya samo asali. Don Allah gaskiya ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Toh labarin nan yana da ƙamshin gaskiya amma an sa masa gishiri sosai. Eh, miji da mata ne suka kafa Cisco, Leonard Bosack da Sandy Lerner, a watan Disamba 1984, kuma dukkansu ma'aikatan jami'ar Stanford ne da ke Kalifoniya a Amurka, shi Bosack yana kula da kwamfutocin sashen kimiyyar kwamfuta ita Lerner kuma na makarantar kasuwanci. Har sunan ma daga San Faransisko suka gutsuro shi, tambarin nan mai layi-layi kuma gadar Golden Gate ce.

Amma batun su suka ƙirƙiro rauta su biyu, a'a kam. Matsalar da ake fama da ita lokacin ta fi ƙarfin saƙon masoya. Kowane sashe a jami'ar da nasa netwok ɗin, wannan injinan kamfanin DEC ne, wancan na Xerox, kowanne da irin yaren da yake magana da shi, ga waya a shimfiɗe amma ba mai jin wani. Abin da ake nema shi ne tafinta, akwatin da zai zauna a tsakiya ya karɓi bayani daga nan ya gane inda za shi ya miƙa shi can ko da yarensu ya bambanta. Akwatin da Stanford ta haɗa ana ce masa Blue Box, kuma aikin gayya ne, William Yeager shi ya rubuta manhajar tun farkon shekarun 1980, allon cikinsa kuwa Andy Bechtolsheim ya zana, wanda daga baya yana cikin waɗanda suka kafa Sun Microsystems, sai Kirk Lougheed da ya yi ta gyara manhajar tare da Bosack. Ni abin da ke ci min rai kenan, a yi ta yawo da labarin soyayya amma sunan Yeager ko a aji ba a cika ambatonsa ba, alhali wannan baƙin allon da kike zama gabansa kina buga enable, kina buga show ip route kina jiran teburin hanyoyi ya zubo, wato IOS, manhajar da ke tafiyar da rautocin Cisco, tushensa daga aikin bawan Allahn nan ya taso.

Kuma fa ba a rabu da jami'ar lafiya ba. A 1986 rigima ta tashi kan cewa kayan da Cisco ke sayarwa na Stanford ne, Bosack da Lougheed suka bar aiki, sai a 1987 aka sasanta jami'ar ta ba kamfanin lasisi. Abin da ba za a ƙwace wa ma'auratan nan ba shi ne su suka hango cewa duniya za ta sayi wannan akwati, kuma sun sha wuya a kai, a falon gidansu ake haɗa rautocin farko, wayoyi ko'ina, abokai na zuwa suna taya su, kuɗin kayan aiki da katin bashi suke biya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ji an ce korar su aka yi daga kamfanin, ta yaya za a kori mutum daga abin da ya kafa da hannunsa?

AMSA: Ɗan'uwa ai da zarar ka sayar da iko ka zama ma'aikaci ko da kai ka raɗa wa kamfanin suna. A 1987 suna neman jari, masu kuɗi da yawa sun ƙi su, sai Don Valentine na Sequoia Capital ya zuba kusan dala miliyan 2.5, amma da sharaɗin shi zai zaɓi masu tafiyar da kamfani. A 1988 ya kawo John Morgridge ya zama shugaba, kuma jininsu bai haɗu da Lerner ba tun farko. Ranar 16 ga Fabrairu 1990 Cisco ya shiga kasuwar hannun jari ta NASDAQ, darajarsa dala miliyan 224. Bayan wata shida, a Agusta, manyan manajoji suka je wajen Valentine suka ce ko ita ko su, aka sallame ta, Bosack shi ma ya ajiye aiki ya bi matarsa. Suka sayar da hannun jarinsu kusan dala miliyan 170, kaso mai yawa suka sa a ayyukan taimako, ita daga baya ta shiga kafa kamfanin kayan kwalliya Urban Decay. Auren ma bai daɗe ba bayan nan. Wasu za su ce ai sun samu kuɗi, na yarda, amma ni dai har yau ina ganin ba a kyauta wa matar nan ba, ita ce ta tsaya kai da fata a kan kula da kwastoma tun kamfanin bai san inda zai kwana ba.

TAMBAYA: To Malam ya aka yi ya girma haka, kuma me ya sa ban taɓa ganin Cisco a jikin rautar gida ba?

AMSA: Saye, malam, saye. A 1993 suka sayi kamfanin Crescendo, daga nan suwic ɗin Catalyst ya fito, wato na'urar haɗa kwamfutoci a cikin netwok ɗaya, sai John Chambers ya karɓi ragama a 1995 ya mai da sayen kamfanoni sana'a, StrataCom dala biliyan 4 a 1996, Cerent kusan biliyan 7 a 1999, ga intanet na bunƙasa kowa na neman kayan haɗi. A Maris 2000 Cisco ya zama kamfani mafi daraja a duniya, sama da dala biliyan 500. Ba a rufa shekara ba kasuwar ta rushe, kwastomomi suka yi ta durƙushewa, a 2001 suka yi asarar kaya na sama da dala biliyan 2 da suka jibge ba mai saye, aka sallami ma'aikata 8,500, kuma farashin hannun jarin ya haura shekara 20 bai koma inda yake ba duk da kamfanin na cin riba.

Batun gida kuwa sun gwada. Sun sayi Linksys, kamfanin rautar gida, a 2003 kan dala miliyan 500, suka sayar wa Belkin a 2013, kyamarar Flip ma da suka saya a 2009 sun rufe ta a 2011. Ribar kayan gida kaɗan ce kuma gasa ta yi yawa, sai suka koma inda suka fi ƙarfi, bankuna, jami'o'i, gwamnatoci da kamfanonin sadarwa, can ma Juniper da Huawei da Arista ba su bar su sun sake ba. Tun da Chuck Robbins ya hau a 2015 sun fi karkata ga manhaja da tsaron intanet, shi ya sa a 2024 suka biya dala biliyan 28 suka sayi kamfanin manhaja Splunk, saye mafi girma a tarihinsu.