"Da sauƙi" gaisuwa ce, ba awo ba ne

Wani ɗan'uwa daga Aboabo nan Kumasi ya turo min tambaya, ya ce Babansa ya faɗo daga kan mashin a hanyar Kejetia, idon sawu ya karye ciki da waje har sai da aka sa ƙarfe da kusoshi. Yanzu wata shida, likita ya ba su takardar tambayoyi su cike, amma komai aka tambayi tsohon sai ya ce "da sauƙi". Shi ne yake tambaya, Malam wai sauƙi da warkewa ɗaya ne? Kuma mene ne "jiki magayi"?

To ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne. Warkewa ita ce ciwo ya tafi. Sauƙi kuwa ragi ne kawai, kuma a bakin Bahaushe ma ya riga ya zama amsar gaisuwa, ka je duba mutum yana kwance ko juyi ba ya iya yi, ka ce ya jiki, zai ce maka da sauƙi alhamdulillahi. Ba ƙarya ya yi ba, dauriya ce da godiyar Allah, ballantana dattijo a gaban ɗansa. Amma likita ba zai iya auna komai da ita ba.

Ita irin wannan takarda, akwai wadda aka fi sani, ta Olerud da Molander, likitocin Suwidin, tun 1984. Abu 9 take tambaya, maki daga 0 zuwa 100: ciwo, sandarewa, kumburi, hawa bene, gudu, tsalle, tsuguno, dogara sanda, da aikin yau da kullum. Hoton ƙashi zai nuna ɗori ya kama, amma ba zai nuna yadda ƙafar take kumbura da la'asar ba har silifas ya ƙi shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni wajen tsugunon nan ya fi ɗaukar hankalina, don mu rayuwarmu rabi a tsugune take. Saboda haka kar ka ce Baba ya ƙafa. Ka ce Baba, kuna iya tsugunawa ku yi alwala ko sai kan kujera? Zaman tahiya fa, ƙafar tana lanƙwasuwa ko miƙe ta kuke yi? Masallaci da sanda kuke zuwa? Nan za ka ji zancen ya fito.

Magayi kuma daga "gaya" ne, kamar yadda maɗori ya fito daga "ɗora", wato mai gaya maka. Asali gargaɗi ne ga mai taurin kai, in kunne bai ji ba jiki zai ji. Kai dai ka ɗauki biro ka zauna kusa da Baba bayan isha'i lokacin da baƙi suka watse, kuma abin da ya faɗa shi za ka rubuta, ba abin da kake gani ba.