Tambayoyinku: Sabunta Ajiyoyin Jiyokash a Na'urar GPS ta Hannu

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan jiyokash suke, wasan da ake ɓoye ƙaramin akwati a wani wuri, a sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi su nemo shi da GPS. Ya fara a watan Mayun 2000 a jihar Oregon ta Amurka, bayan gwamnatin ƙasar ta daina rage wa farar hula daidaiton siginar GPS da gangan. A nan za mu riƙa kiran akwatin da ake ɓoyewa ajiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jamus, na sayi Garmin GPSMAP 62 na hannu da ajiyoyi a ciki. Na je wurare uku ban ga komai ba, daga baya na ga a shafin Geocaching.com an daɗe da janye su. Yaya ake sabunta su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na'urarka ba ta san abin da ke faruwa a intanet ba. Abin da ke cikin fayilolin GPX (fayilolin da ke ɗauke da lambobin wurare da bayaninsu) da aka zuba mata kawai take nunawa, ko na shekara biyar ne, don haka sabuntawa na nufin a cire tsohon fayil a sa sabo.

Idan kana biyan kuɗin zama mamba a Geocaching.com, ka haɗa Pocket Query na yankinka, wato jerin ajiyoyin da shafin ke tattara maka bisa zaɓinka don ka sauke. Kowane ɗaya yana ɗaukar ajiya har 1,000. Ka zaɓi waɗanda ba ka samu ba tukuna, kuma waɗanda ba a dakatar ba. Abin da za ka sauke yana zuwa a dunƙule cikin fayil ɗin ZIP, kuma nan ne sababbi suka fi tuntuɓe: na'urar ba ta buɗe ZIP. Ka warware shi a kwamfuta, za ka ga fayil biyu. Babban shi ne ajiyoyin da bayaninsu, da ɗan hasken da mai ajiyar ya bayar, da rahotannin masu nema na baya-bayan nan. Mai wpts a ƙarshen sunansa yana ɗauke da ƙarin wurare, kamar inda ake ajiye mota.

Ka jona na'urar da wayar USB, ta bayyana kamar filas. Ka buɗe foldar Garmin, sannan GPX, ka zuba su a nan. Ka cire ta yadda ake cire filas, kada ka fizge waya, sannan ka kunna ka ba ta lokaci ta karanta. In kwamfuta ba ta gan ta ba sam, ka fara zargin wayar, domin wasu na caji ne kawai.

Duk lokacin da aka sake gudanar da Pocket Query ɗin, sunan fayil ɗin bai canzawa, sabon yana hawa kan tsohon. Wannan shi ya fi sauƙi, kuma mu shi muka fi so. Kada ka ɓata lokaci da fayil ɗin LOC, wani nau'in fayil ɗin ajiyoyi, sunan ajiya da lambobin wuri kawai ke cikinsa.

Tambaya: Na nemi maɓallin goge ajiya a eTrex 30 ɗina har na gaji. Na kuma sa sabon fayil, amma wata ajiya tana nuna tsofaffin lambobi. Me ya jawo?

Amsa: Hajiya, babu wannan maɓallin a irin na'urarki. Wurin da kika yi wa alama da hannu yana goguwa daga cikin na'ura, ajiya kuwa sai an goge fayil ɗin da ta zo a ciki ta kwamfuta.

Tsofaffin lambobin kuma alama ce ajiyar tana cikin fayil biyu. Kowace ajiya tana da lambar shaida mai farawa da GC, kuma idan na'ura ta ci karo da lamba ɗaya sau biyu, ɗaya take ɗauka, ba lallai sabuwar ba. Yawanci masu laifin su ne ƙananan fayilolin da aka sauke ɗai-ɗai, masu suna GC da wasu haruffa, waɗanda ke taruwa a manta da su. Ki duba wuri biyu, cikin na'urar da kuma katin microSD, domin kowanne yana iya samun tasa foldar GPX. Ki kwashe duk fayilolin ajiya, ki kunna na'urar sau ɗaya babu su don ta wanke lissafinta, ki kashe, sannan ki zuba sababbi.

Amma a yi hattara da share-share. Foldar Current tana riƙe da sawun tafiyarki, Archive na tsofaffin sawu, fayiloli masu farawa da Waypoints kuma wuraren da kika yi wa alama da kanki ne. Ki kwafe foldar GPX gaba ɗaya zuwa kwamfuta kafin ki taɓa komai. Masu kwamfutar Mac kuma su zubar da kwandon shara tun na'urar na jone, in ba haka ba fayilolin suna nan a wata ɓoyayyar folda suna cin wuri.

Tambaya: Na zuba Pocket Query bakwai, na'urar ta tsaya a tambarin Garmin ta ƙi wucewa. Ta lalace ke nan?

Amsa: Da wuya. In ajiyoyin suna da yawa takan ɗauki mintoci tana karantawa, ka ba ta lokaci da batir mai ƙarfi. In ta ƙi, akwai fayil ɗin da ya lalace, galibi saboda an cire waya kafin ya gama kwafuwa. Shi ya sa muke cewa a riƙa zuba ajiyoyi a katin microSD. Sai ka zare katin, na'ura ta tashi, ka gyara shi a kwamfuta, ka mayar. Katin ya zama mai tsarin FAT32, kada ya wuce 32GB.

Akwai kuma iyaka. GPSMAP 62 da eTrex 20 da 30 suna tsayawa ne a ajiya 5,000. Bakwai cikakku 7,000 ne, kuma ba kai ke zaɓar waɗanda za a bari a waje ba, sai ka tarar ta kusa da gidanka ce ta ɓace. GPSMAP 64 da Oregon 600 suna karɓar fayil ɗin GGZ, a foldar GGZ, wanda ya kawar da wannan iyakar. Manhajar GSAK ta Windows tana haɗe fayiloli da yawa ta cire maimaici ta fitar da guda. Sai dai ajiyar da aka janye ba ta zuwa a sabon Pocket Query, don haka tana zama a rumbun GSAK kamar lafiya lau. Ka tace da ranar sabuntawa ta ƙarshe, ka fitar da waɗanda suka daɗe ba a taɓa su ba.

Tambaya: Aikin awon gonaki nake yi a Kaduna. Na shigar da lambobin wata ajiya da hannu, na'urar ta kai ni wani wuri daban.

Amsa: Malam, duba Position Format a saitin na'urarka. Jiyokash yana amfani da ma'aunin WGS 84, wato tushen da GPS ke lissafa lambobin wuri a kansa. Masu awo a Najeriya sukan bar na'ura a kan ma'aunin Minna, wanda tsofaffin taswirorin ƙasar ke kai, kuma bambancin ya kai gomman mita, isasshe ka yi ta tone daji a banza. Mafi muni shi ne tsarin rubutun. Shafin yana rubuta digiri da minti mai ɗigo. Digiri 11 da minti 30 ba ɗaya ba ne da 11.30, wanda yake digiri 11 da minti 18. Minti ɗaya daga kudu zuwa arewa mita 1,852 ne, ka ga tazarar ta haura kilomita 22. Fayil ɗin GPX ba ya shiga wannan ruɗanin, kullum a WGS 84 yake. In ka gama, ka tuna ka mayar da saitin aikinka.

Tambaya: In na goge fayiloli, lissafin waɗanda na samu zai tafi?

Amsa: A'a. Yana cikin geocache_visits.txt a foldar Garmin, ba a GPX ba. Ka ɗora shi a sashen Drafts na Geocaching.com, ka rubuta rahotanninka, sannan ka goge shi don kada na gaba ya zo da maimaici.