Jirgin da ba a biyan kuɗin fito

Kawu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙon muryar da kuka aiko bayan yara sun tura muku bidiyonmu a jirgin ruwa, sau biyu na saurare shi saboda dariyar da kuka yi a ƙarshe. Kun ce wanda ya tashi a bakin ruwa a Yauri, ya ga yadda mai jirgi ke ƙirga kuɗin fito kafin ya ja igiyar inji, ba za a ce masa ga jirgi yana kwasar dubban mutane kyauta ya yarda ba. Ko dai mai jirgin ya samu taɓin hankali, ko akwai lauje cikin naɗi. Laujen akwai shi, Kawu, a aljihunmu yake yanka.

Jirgin da kuka gani mai launin lemo shi ne na Staten Island. New York yanki biyar ce, mu muna Bronx, can arewa. Staten Island tsibiri ne mai mutane kusan rabin miliyan, kuma shi kaɗai ne jirgin ƙarƙashin ƙasa bai haɗa shi da sauran gari ba. Wanda ke kwana can yana aiki a Manhattan, ko ya zagaya ta gadar Verrazzano ya bi ta Brooklyn, ko ya bi ruwa. Tafiyar ruwan wajen kilomita 8 ce, minti 25, dare da rana ba a tsayawa. Tun 1905 jirgin ke hannun hukumar birni. Da ana biya, santi 50 zuwa da dawowa, har zuwa 1997 da magajin gari Giuliani ya soke kuɗin ɗungurungum. Ko a lokacin, abin da ake karɓa bai kama ƙafar abin da ake kashewa ba.

Ba na manta ranar da na fara kai wani baƙo da ya zo daga Birnin Kebbi. Mun sauka daga jirgin ƙasa a Bowling Green, muka taka zuwa tashar Whitehall. Tun daga waje ya zaro takardar dala 20 ya dunƙule a hannu. Aka buɗe ƙofofi, jama'a suka yi ciki kamar an saki garke, shi kuwa ya tsaya yana waige, yana neman wanda zai miƙa wa. Har jirgi ya yi nisa, muka zo daidai mutum-mutumin 'yanci, kowa ya ɗaga waya yana hoto, shi takardar nan tana hannunsa ta jiƙe da gumi. Sai da muka sauka a St. George ya mayar da ita aljihu, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Anya ba a komawa za su kama mu ba?"

Wannan ta zama al'adarmu a nan. Baƙo ya zo, a ba shi tuwo, ya huta kwana biyu, ranar Lahadi a kai shi jirgi. Abu ɗaya muke gargaɗinsa: a bakin tasha akwai masu tallar tikiti, na jiragen yawon buɗe ido ne, kuma an sha kama waɗanda ke sayar wa baƙi tikitin jirgin da ba shi da tikiti.

Yanzu ga inda kuɗin ke fitowa. Duk abin da na saya a kanti, in ba abinci ko tufafi masu sauƙin kuɗi ba, ana ɗora mini harajin kusan kashi 9 cikin ɗari. A albashin matata ana cire na tarayya, a cire na jiha, a cire na birni, kafin ta ga ko sisi. Mai gidan da muke haya yana biyan harajin gini, kuma kun san ba daga aljihunsa zai fito ba. Daga wannan tukunya ake sayen man jirgi, a biya matuƙa da makanikai. Sababbin jirage uku da aka fara sakawa a ruwa a 2022, kowanne na ɗaukar mutum 4,500, sun ci wajen dala miliyan 300, da hannun gwamnatin tarayya a ciki. Shi ya sa in watan Afrilu ya ƙarato za ku ji mutanenmu a ƙofar masallaci ana tambayar juna, "Ka cike takardun haraji?" kamar yadda ake tambayar ko an yi shuka. Sabon zuwa yakan ɗauka wayo ne ya zille. Dattawanmu kan zaunar da shi su ce wannan takarda ita za a nema ranar da zai kama gida ko ya nemi zama ɗan ƙasa.

Kun tambaya ko jirgin yana riba. Ba ya yi, ba a kuma gina shi don ya yi ba. Lissafin da hukuma ke yi shi ne: dubban ma'aikatan nan in ba su isa wurin aiki da safe ba, asarar ta fi kuɗin mai. Ni na yarda da wannan lissafin a kan Staten Island, don ba su da wata hanya mai sauƙi.

Inda ban yarda ba shi ne ɗayan jirgin. A 2017, zamanin magajin gari de Blasio, aka fito da wasu ƙananan jirage masu gudu, NYC Ferry, suna bin gaɓar Brooklyn da Queens, daga baya suka iso Soundview a nan Bronx. Su ana biya, da farko dala 2.75, daidai da jirgin ƙasa na lokacin. A 2022 mai binciken kuɗin birni, Brad Lander, ya fitar da rahoto cewa kowane fasinja guda birni na cika masa dala 12.88, kusan ninki biyu na abin da aka yi hasashe tun farko. Kuma binciken da hukumar da ke kula da jiragen ta yi da kanta ya nuna yawancin masu hawan masu hali ne, tunda gidajen bakin ruwa ba na talaka ba ne. Aka ƙara kuɗin zuwa dala 4 a shekarar, daga baya 4.50, aka yi rangwame ga tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Na hau shi, ba zan ɓoye ba, akwai daɗi, iska na kaɗa ka, ba cunkoso. Amma matar da ke fita aikin jinyar tsofaffi ƙarfe biyar na asuba bas take jira a cikin sanyi, kuma da harajinta ake cika wa wancan.

Wannan gardama ba ta ƙarewa a majalisarmu bayan sallar isha'i, musamman da yake rabinmu direbobin tasi ne da Uber. Tun 2019 ake ɗora dala 2.50 a kan kowace tafiyar tasi mai rawaya a kudancin Manhattan, sannan a Janairun 2025 aka fara karɓar dala 9 daga motar gida da ta shiga tsakiyar gari. Wannan kuɗin jiragen ƙasa da bas ake yi wa aiki da shi, ba na ruwa ba. Direba ya ce an kore masa fasinja, wanda ba shi da mota ya ce dama hayaƙinku ya ishe mu. A sha shayi a watse, gobe a ɗora.

Na san abin da ke ranku da kuka yi tambayar, don ni ma shi ke raina. A watan Mayun 2021 da jirgi ya kife kusa da Warra, a nan ma mun yi zaman makoki, akwai waɗanda abin ya shafi danginsu. Mai jirgi a gida shi ke sayen mai, shi ke gyaran inji, shi ke ciyar da iyali, duk daga kuɗin fito, to in bai cika jirgi ya wuce ƙima ba ina zai fita? Nan ma ruwa ya ci mutane: a Oktoban 2003 ɗaya daga cikin jiragen Staten Island ya daki gaɓa, mutum 11 suka rasu. Sai dai matuƙin nan albashinsa ɗaya ne ko da mutum goma ya tashi ko da dubu, ba abin da zai ƙaru da shi in ya yi lodi. Ƙaramin jikanku, duk shigarmu sai ya leƙa inda ake ajiye rigunan ruwa ya fara ƙirgawa, bai taɓa kaiwa ƙarshe ba mun iso.

In kun sake zama da masu jirgi a bakin kasuwa, ku tambayar mini su: fito ɗaya lita nawa yake ci yanzu, kuma mutum nawa sai sun shiga kafin kuɗin man ya dawo? Ina so in kai wa majalisa lissafin. A gaida Inna da yara.