Tambaya da Amsa: Yaƙin Joshuwa da Kan'aniyawa

Tambaya: Ina koyar da matasa a makarantar Lahadi. Da muka iso Joshuwa sura 6, labarin faɗuwar birnin Yariko, wata yarinya ta ce, "Malam, har da yara aka kashe?" Na rasa ta cewa. Yaya Allahn da ya ce mu ƙaunaci magabtanmu zai umarta a hallaka gari ɗungum? Daga mai karatu a Kagoro.

Amsa: Malam, kada ka ɓoye mata. Joshuwa 6:21 ya ce maza da mata, yara da tsofaffi. Abu ne mai nauyi, bai kamata a karanta shi da murna ba. Sai dai ka nuna mata iyakokin umarnin, domin a nan mutane suke ɓata.

Umarnin bai shafi kowane maƙiyi ba. Maimaitawar Shari'a 7:1 ta lissafa al'ummai 7 da ke cikin Kan'ana. Garuruwa na nesa, sura 20 ta ce a fara yi musu tayin salama. Edom da Mowab da Ammon kuwa, sura 2 ta hana Isra'ila taɓa ƙasarsu. Ba kuma farat ɗaya abin ya zo ba: a Farawa 15 an faɗa wa Ibrahim cewa zuriyarsa za ta yi shekara 400 a baƙuwar ƙasa, don muguntar Amoriyawa ba ta cika ba tukuna. Cikin laifinsu har da ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka (Maimaitawar Shari'a 12:31).

Abin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne, hukunci ne a kan zunubi, ba gabar ƙabila ba. Rahab Bakan'aniya ce, ta tsira da gidanta a Yariko, har sunanta ya shiga asalin Yesu a Matiyu 1:5. Akan kuwa ɗan kabilar Yahuza ne. Daga ganimar Yariko da aka haramta, ya ɓoye alkyabba da shekel (ma'aunin nauyi) 200 na azurfa da sandar zinariya mai shekel 50 a ƙarƙashin alfarwarsa, saboda haka Isra'ilawa 36 suka mutu a yaƙin garin Ai, shi ma hukuncin Yariko ya faɗa kansa. Firistoci 18:28 ya gargaɗi Isra'ila cewa ƙasar za ta amayar da su in suka bi hanyar Kan'aniyawa. Haka aka yi: Samariya ta faɗi a 722 kafin haihuwar Almasihu, Urushalima a 586.

Sai batun yadda ake rubuta labarin yaƙi a zamanin. Joshuwa 10 ya ce ba a bar kowa da rai a Hebron da Debir ba, amma a sura 15 ga Kalibu da Otniyel suna sake yaƙar garuruwan nan. Saul ya hallaka Amalekawa a 1 Sama'ila 15, a sura 30 ga su sun ƙone Ziklag. Maƙwabta ma haka suke rubutu. Rubutun da ke kan dutsen Fir'auna Marnefta, na wajen 1208 kafin Almasihu, ya ce an shafe Isra'ila, irinta ya ƙare, alhali tana nan. Shi ya sa masana da dama suke ganin "ba a bar kowa ba" yana nufin cikakkiyar nasara. Wannan ya rage nauyin, bai ɗauke shi ba, gama an zubar da jini. Kada ka koya wa yaran kamar da shi an gama magana.

Hanyar da Ikkilisiya ta ƙi tun farko ita ce ta Markiyon, wanda ya ce Allahn Tsohon Alkawari dabam ne da Uban Yesu. Ikkilisiyar Roma ta fitar da shi a shekara ta 144.

Tambaya: An kai wa ƙauyenmu hari. Wani ya karanta mana Joshuwa, ya ce lokacin ramuwa ya yi. Daidai ne? Daga wata uwa.

Amsa: Mama, Allah ya ta'azantar da ku. Amma ba daidai ba ne. Umarnin na al'umma ɗaya ne, a ƙasa ɗaya, a zamani ɗaya, ba wanda ya gaje shi. Ko Isra'ila da ta fita yaƙi bisa ra'ayin kanta a Ƙidaya 14, fatattakarta aka yi har Horma. Da Joshuwa ya tambayi shugaban rundunar Ubangiji ko yana wajensu ne ko wajen abokan gāba, amsar ita ce "A'a" (Joshuwa 5:14). Yaƙub da Yahaya sun so kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya tsawata musu (Luka 9:55), Bitrus ya zaro takobi, aka ce ya mayar da shi kube. Romawa 12:19 ta hana ramuwa, sura 13 ta ba mahukunta takobin hukunci. Ku rubuta sunayen waɗanda aka kashe da abin da aka ƙone, ku kai ƙara, ku matsa sai an bi muku hakkinku. Shi kuma mai wa'azin, dattawan ikkilisiya su zauna da shi tun kafin ya sake tsayawa gaban matasa.