Amsa ga almajirina a kan jibarelin da tsayin shuka

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake fesa wa inabi maganin nan mai suna GA3, amma na hana ka kai shi gonar shinkafa, alhali kana ganin duk abin da ke ƙara tsayi alheri ne. Kafin komai ka sani cewa wannan magani ba taki ba ne. Jibarelin ne, ɗaya daga cikin homon ɗin da shuka take haɗawa da kanta don tafiyar da girmanta.

A gonar shinkafa aka fara gano shi, kuma ta hanyar cuta. Manoman Japan sun daɗe suna ganin wasu tsirrai suna zarce sauran a tsayi, su yi siriri, su ɗashe, daga ƙarshe su kwanta ba tare da sun ba da abin kirki ba. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, yana aiki a Taiwan, ya nuna cewa ruwan da aka tace daga funfunar da ke haddasa cutar shi kaɗai ya isa ya miƙar da lafiyayyen tsiro, sannan a 1935 Teijiro Yabuta ya raɗa wa sinadarin suna daga sunan funfunar, Gibberella fujikuroi. Wanda ke cikin kwalbarmu ma daga wannan funfuna ake samar da shi a masana'anta.

An san nau'o'insa fiye da 130, amma ƙalilan ne ke aiki, musamman GA1, GA3, GA4 da GA7. Shuka tana haɗa shi a sassanta masu tasowa, wato sabbin ganye, gaɓoɓin kara masu miƙewa, furanni da ƙwayar da ke nuna. Aikin yana farawa a cikin filastid, wani ɗan sashe na cikin ƙwayoyin jikin shuka, inda ake naɗe wani sinadari mai kabon 20 ya zama wani da ake kira kawurin. Daga nan a sarrafa shi ya zama GA12, wanda ba ya taɓuka komai sai wasu enzayim biyu, wato furotin masu sauya wani sinadari zuwa wani, sun ƙarasa shi. Akwai kuma enzayim na uku da ke kashe ƙarfinsa idan ya yi yawa, shi ya sa shuka mai lafiya ba ta wuce iyakarta.

Ga wurin da nake so ka riƙe da kyau. A jikin shuka akwai furotin da ake kira DELLA, kuma aikinsa hana girma, kamar dabaibayi a ƙafar jaki. Jibarelin yana manne wa wani furotin mai karɓarsa, GID1, wanda aka gano a shinkafa a 2005, su biyun su kama DELLA a rushe shi. Da zarar an kwance dabaibayin sai ƙwayoyin jikin kara su rarrabu su kuma miƙe. Abin da za a gina karan da shi kuwa dole ya fito daga ƙasa, ruwa, iska da hasken rana, saboda haka idan ka fesa wa shukar da ke jin yunwa, tsayi za ka samu ba ƙwari.

Shinkafa da alkama gajarta muke nema a gare su. Irin shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 yana da naƙasa a ƙwayar gadon ɗaya daga cikin enzayim biyun can, don haka jibarelin ɗinsa kaɗan ne, karansa gajere, yana ɗaukar taki da nauyin zangarniya bai kwanta ba. Idan ka fesa masa, ka mayar da shi dogo, ka ɓata aikin masu fid da iri. Gajeriyar alkamar da Norman Borlaug ya samar a Meziko daga alkamar Norin 10 ta Japan hanyarta daban: nata DELLA ɗin ne ya ƙi jin kira, ko ka fesa ba za ta amsa sosai ba, kuɗinka ne ya tafi a banza.

Inabi marar ƙwallo kuwa ya rasa jibarelin ɗin da ƙwallon zai ba shi, shi ya sa muke cike masa gurbi. Nonon inabin ya yi sako-sako, 'ya'yan su yi girma. A mangwaro akasin haka ne, domin yawansa yana hana fure, har masu manyan lambuna suna zuba Paclobutrazol a gindin bishiya don ya tare haɗa shi.

Ka lura da tsiron shinkafar da mata ke zubawa a kunu. Ƙwayar tana jiƙa sai ɗan tsiron ya aika da jibarelin zuwa fatar cikinta, ita kuma ta saki enzayim mai narkar da sitaci ya koma sukari, daga nan zaƙin yake. Latas ɗin da ya harba kara ya yi ɗaci da shigowar zafi shi ma aikin jibarelin ne, don haka kada feshin inabi ya kusanci fangalinsa, kuma ka auna daidai yadda takardar kwalbar ta ce.